Wa Ya Kwashe Mutanen Kwarin? Waƙa, Kyamara da Ƙasar Sikotlan

Duk wanda ya taɓa ganin tallar yawon buɗe ido ta Sikotlan ya san hoton: dogon kwari shar da ciyawa, tsaunuka sun yi masa katanga hagu da dama, hazo ya sauko ya lulluɓe kawunansu, tafki kwance a tsakiya, can nesa kuma barewa ta ɗaga kai. Babu gida, babu hayaƙin murhu, babu yaro mai kora shanu. Da wannan hoto ake sayar da giyar wiski da rigunan ulu da tikitin jirgi, kuma da shi akasarin duniya ta san ƙasar. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne, shekara 200 da suka wuce da yawa daga cikin waɗannan kwaruruka cike suke da ƙauyuka. Ba watsewa mutanen suka yi don kansu ba. Korarsu aka yi.

A nan matsalar mai ɗaukar fim take. Kyamara abin da ke gabanta kaɗai take gani. Kangon gida da ciyawa ta cinye, in aka ɗauke shi da hantsi, kyau yake yi a allo, kuma mai kallo ba shi da hanyar sanin ko gidan wa ne, ko me ya fitar da mai shi. To yaya za a ɗauki hoton wanda ba ya nan? A ganina, a Sikotlan marubuta waƙa ne suka ba masu fim mafita, shi ya sa finafinan dokumantari, wato finafinan labarin gaskiya, da aka yi a kan mawaƙan ƙasar suka fi ƙarfin tarihin rayuwar wani dattijo mai alƙalami. Gardama ce a kan ƙasar kanta: ta wa ce, da wane harshe za a kira tsaunukanta, kuma muryar wa za a ji a kan hotonta.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane zafin gardamar. Bayan yaƙin Culloden na 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe tawayen da ya dogara da mayaƙan yankin tsaunuka, an karya tsarin zuri'o'in yankin. Shugabannin zuri'a, waɗanda a da yawan mazajen da ke bayansu ne arzikinsu, suka rikiɗe suka zama masu filaye da ke lissafin kuɗin haya. Lissafin kuwa ya nuna tunkiya ta fi mutum kawo riba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 har tsakiyar na 19 aka yi ta tayar da ƙauyuka ana ba makiyayan tumaki filin. A yankin Sutherland, wakilin masu ƙasar, Patrick Sellar, ya gurfana a kotu a 1816 bisa zargin kisa da ƙona gidaje lokacin korar mutanen Strathnaver, aka kuma sallame shi. Annobar da ta lalata dankali daga 1846 ta ƙara rura wutar. Wasu aka tura su bakin teku inda ƙasa ba ta noma, wasu suka gangara masana'antun Gilasgo, wasu aka loda su a jirgin ruwa zuwa Kanada da Ostireliya. Da kasuwar ulu ta faɗi, sai aka mai da filayen dajin farautar barewa na attajirai. Sai a 1886, bayan boren ƙananan manoma a tsibirin Skye da wasu wurare, doka ta ba waɗanda suka rage tabbacin zama a gonakinsu na haya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a daidai lokacin da ake kwashe mutanen, a lokacin ne ake ƙawata kayansu. Yadin nan mai layuka a gicciye da mazan yankin ke ɗaurawa, wanda doka ta haramta a 1746 har zuwa 1782, shi marubuci Walter Scott ya sa manyan Edinbara suka yi ado da shi lokacin ziyarar Sarki George na Huɗu a 1822. Gidan sarautar Birtaniya ya sayi Balmoral, wani katafaren gida da filayensa a yankin tsaunuka, a 1852, zanen barewa a kan tsauni ya shiga falon masu hali. Aka ɗauki tufa da algaita mai jaka da tsauni aka ce su ne Sikotlan, aka bar mai tufar yana jiran jirgi a bakin ruwa. Da sinima ta zo, wannan gadon ta tarar. Forsyth Hardy, wanda ya daɗe yana jagorantar harkar fim a ƙasar, ya ba da labarin yadda ya zagaya da wani furodusan Amurka da ke neman wurin ɗaukar Brigadoon, fim ɗin rawa da waƙa na 1954 a kan wani ƙauyen Sikotlan. Mutumin ya koma gida yana cewa bai ga wurin da ya yi kama da Sikotlan ba, aka gina ƙauyen a cikin sutudiyo a Amurka.

Kuma ba za a ce 'yan ƙasar ba su da hannu a sana'ar ba. John Grierson, wanda aka haifa a 1898 a Deanston, shi ake kira uban dokumantari a Birtaniya. Fim ɗinsa na 1929, Drifters, a kan masuntan Tekun Arewa ne, kuma ya yi abin da ba a saba ba a lokacin: ya nuna talaka a bakin aikinsa da mutunci, hannuwa a kan koma, igiyar ruwa tana dukan jirgi. Amma Grierson mutumin hukuma ne. Da kuɗin hukumar tallata kayan daular Birtaniya ya fara, sannan ya koma ƙarƙashin hukumar gidan waya. Wanda ya biya kuɗin kiɗa kuwa shi ke zaɓen taken. Salon da ya kafu a hannunsa shi ne hoto a ƙasa, murya a sama: wani mai ilimi da ba a ganin fuskarsa yana bayyana wa mai kallo ma'anar abin da yake gani. Dattawanmu da suka kalli majigi a ƙofar fadar hakimi sun san wannan salon sarai, domin finafinan wayar da kai da Turawan mulkin mallaka suka riƙa yawo da su a mota a Arewa daga wannan tunani suka fito, na hukuma ta yi fim don ta koya wa jama'a. Manomi yana cikin hoton, amma ba shi ke magana ba.

A wannan makaranta ne waƙa ta fara shiga dokumantari da ƙarfinta. Night Mail na 1936 ya bi jirgin ƙasan wasiƙu daga Landan zuwa Sikotlan cikin dare, kuma a ƙarshensa aka karanta baitocin W. H. Auden a kan kiɗan Benjamin Britten, kalmomi suna gudu daidai da ƙafafun jirgi yayin da yake hawan tudun Beattock. Gwaninta ce ta gaske, har yau ana koyar da ita. Sai dai a lura da inda Sikotlan take a ciki: ita ce ƙarshen layi, wurin da wasiƙu ke isa da asuba mutane suna barci. Mawaƙin Bature ne ɗan Ingila, kuma ta tagar jirgi ake hango ƙasar.

Wani reshen kuma shi ne na baƙon da ya zo yin bankwana. A 1930 aka kwashe mutum 36 na ƙarshe daga tsibirin St Kilda, kuma tun kafin nan masu kyamara ke zuwa ɗaukar su kamar abin kallo. A 1934 wani Bajamushe, Werner Kissling, ya ɗauki rayuwar tsibirin Eriskay, ya sa wa fim ɗin suna da ke kiran rayuwar mutanen waƙa. Ba na raina aikinsa. Ya adana yadda ake saƙa da kamun kifi da ɗaukar kaya a kan ƙananan dawakan tsibirin, kuma an ji waƙoƙin Galik, harshen mutanen tsaunuka da tsibiran yamma, a ciki. Amma da Turanci aka yi bayanin, don 'yan kallon Landan, kuma an nuna mutanen ne a matsayin ragowar wani zamani da ke shuɗewa. Daga baya kwamitin finafinan Sikotlan, wanda aka fara kafawa don baje kolin Gilasgo na 1938 aka kuma farfaɗo da shi a 1954, ya yi finafinai masu yawa da kuɗin kamfanoni da hukumomi. Ɗaya daga ciki, a kan ƙera jiragen ruwa a kogin Clyde, har ya ci kyautar Oscar a farkon shekarun 1960. Kyawawan finafinai ne, amma mai ɗaukar nauyi ba ya biya a tambaye shi wa ya mallaki tsaunin.

Wadda ta fara fita daga wannan layi mace ce, likita, daga tsibiran Orkney na can arewa. An haifi Margaret Tait a Kirkwall a 1918, ta yi karatun likita a Edinbara, ta yi aiki da sashen lafiya na soja, sannan ta tafi birnin Rum ta koyi fim a farkon shekarun 1950. Ta yi gajerun finafinai sama da 30, yawancinsu da kuɗin aljihunta da ƙaramar kyamarar hannu, kuma ita kanta marubuciyar waƙa ce. A 1964 ta yi fim na minti 9 kacal a kan Hugh MacDiarmid.

MacDiarmid ba ƙaramin mutum ba ne a wannan labari. Sunansa na yanka Christopher Murray Grieve, an haife shi a Langholm a 1892, kuma shi ne ya tashi tsaye a shekarun 1920 ya ce harshen Sikots, wanda ake ɗauka karin maganar ƙauye ne kawai, zai iya ɗaukar falsafa da siyasa da kimiyya. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar 'yan kishin ƙasa a 1928. Jam'iyyar ta kore shi saboda ra'ayin kwaminisanci, 'yan kwaminis su ma suka kore shi saboda kishin ƙasa. Irin wannan mutum, da hukuma ce ta yi fim a kansa, da an zaunar da shi gaban kantar littattafai wani yana jero lambobin yabonsa. Tait ba ta yi haka ba. Ta ɗauki kayan ɗakinsa a ƙaramin gidansa kusa da Biggar, ta bi shi mashaya cikin abokai, sannan ta nuna dattijon mai shekara 70 da 'yan kai yana tafiya a kan siririn bakin kwalta a Edinbara, yana daidaita jikinsa kamar yaro mai wasa. Babu mai bayani. Muryarsa ce ke karanta waƙoƙinsa. A wannan tafiya ta bakin titi mai kallo yake ganin halin mutumin duka, ƙarfin kai da ganganci da son tsayawa a inda za a iya faɗuwa, ba tare da an gaya masa ba.

Fim ɗinta da ya fi taɓa ni shi ne Land Makar na 1981, wanda ba a kan marubuci ba ne sam. Maƙwabciyarta ce a Orkney, Mary Graham Sinclair, manomiya da ke riƙe da 'yar gonarta. Tait ta bi ta shekaru, daga shuka zuwa girbi, tana tara ciyawa, tana kula da dabbobi, tana magana da karin harshen Orkney. Sunan fim ɗin ya kira ta mawaƙiyar ƙasa, wato gonar ce waƙarta. Ga dai fili, ga ruwa, ga sararin sama irin wanda masu talla ke so, amma a nan akwai mai shi a ciki, tana aiki, kuma ita ke magana.

Sai dai Orkney ba ta sha kora irin ta yammacin ƙasar ba. Inda tambayar ta fi tsanani shi ne inda babu wata Mary da za a bi, inda kango ne kawai ya rage. A nan ne fim ɗin Timothy Neat na 1984 a kan Sorley MacLean ya shigo, kuma a kansa nake so in daɗe.

An haifi MacLean, ko Somhairle MacGill-Eain da harshensa, a 1911 a Raasay, wani siririn tsibiri tsakanin Skye da babban yankin ƙasar. Galik ya tashi da shi, sai da ya shiga makaranta ya koyi Turanci. Gidansu gidan waƙoƙin gargajiya ne, kakarsa da gwaggonsa rumbu ne na tsofaffin waƙoƙi, duk da cewa tsibirin na bin wata ɗariƙar Kirista mai tsauri da ba ta sakin fuska ga waƙar duniya. Ya yi yaƙin duniya na biyu a Arewacin Afirka, aka ji masa mummunan rauni a El Alamein a 1942, littafinsa na 1943 kuma ya nuna cewa Galik na iya maganar soyayya da yaƙin basasar Sifen da fasisanci kamar kowane harshen Turai. Sauran rayuwarsa ta aiki malamin makaranta ne, ya yi hedimasta a Plockton daga 1956 zuwa 1972, yana fafutukar a ba harshen gurbi a jarrabawa.

Hallaig sunan wani ƙauye ne a gabashin Raasay. A 1846 wani attajiri, George Rainy, ya sayi tsibirin. Dukiyarsa daga gonakin rake na Demerara ta fito, a ƙasar Guyana ta yau, inda bayi 'yan Afirka suka yi aiki, kuma yana cikin waɗanda gwamnatin Birtaniya ta biya diyya da aka soke bauta. Wannan bai kamata ya wuce mu ba: kuɗin da aka tatsa daga gumin bayin da aka kwaso daga nahiyarmu, da shi aka sayi tsibirin da aka kori talakawansa. Tsakanin 1852 da 1854 aka tayar da Hallaig da ƙauyukan da ke kewaye, da yawa aka tura su Ostireliya, aka gina katangar dutse da ta raba tsibirin, aka tura sauran mutane can arewa mai duwatsu, aka bar wa tumaki kyakkyawar ƙasar. Shekara 100 bayan haka, a farkon shekarun 1950, MacLean ya rubuta waƙa da sunan ƙauyen. A cikinta ya tsaya a kangon, sai itatuwan da suka tsiro a wurin suka zame masa mutanen: 'yan mata a miƙe kamar sirara-siraran itatuwa suna tafiya a hanya, maza kwance a kan ciyawa a bakin gidajen da babu su. Yana kiran zuri'o'in da sunan kakanninsu, yana kiran kowane tudu da rafi da sunansa. Zamani kuma ya zo masa a siffar barewa a cikin kurmin, wadda ya ce da harsashin ƙauna zai harbe ta. A tuna dai barewa ita ce dabbar da attajirai suka cika filayen da ita.

Abin da Neat ya gane shi ne, ba sai ya ƙirƙiro komai ba. Shi ba ɗan tsibirin ba ne, mutumin Cornwall ne da ke koyarwa a kwalejin zane ta Dundee, amma ya riga ya yi aiki da Hamish Henderson, mai tattara waƙoƙin baka, a kan fim game da matafiyan yankin tsaunuka, ya kuma koyi sauraro. Bai kawo 'yan wasa sanye da tsummoki suna kuka a bakin jirgi ba. Ya ɗora muryar MacLean a kan ƙasar Raasay. Muryar kuwa ba irin ta mai karanta labarai ba ce: a hankali take tafiya, tana jan wasula, tana hawa tana sauka kusan kamar rera addu'a, irin ta mutumin da ya girma yana jin ana rera Zabura da Galik a coci, jagora yana ja jama'a suna amsawa. Da zarar wannan murya ta fara jero sunayen wurare, hoton da ke allo yakan canza ma'ana ba tare da ya motsa ba. Tsaunin da a talla ba shi da suna yanzu ya zama Dùn Cana. Kurmin ya zama unguwa. Mai kallo ya fara ganin layukan tsofaffin kunyoyi a jikin tudu, ya gane cewa tarin duwatsun can bango ne. Mawaƙa biyu, Seamus Heaney na Ailan da Iain Crichton Smith, sun yi magana a fim ɗin, sun kuma taimaka wa baƙo ya gane girman mawaƙin, amma nauyin aikin a wuyan muryar da sunayen yake.

Shi ya sa nake cewa waƙa ta yi wa kyamara abin da masanin tarihi ba zai iya ba. Masani zai ba ka shekara da adadi, ka ji, ka yarda, amma kwarin ya ci gaba da zama kyakkyawan kwari. Mawaƙin da kakanninsa suka zauna a wurin yana da ikon cewa "ga su nan" har ka gan su.

Amma akwai ƙaya a nan, kuma ba ƙarama ba. Yawancin 'yan Sikotlan ba sa jin harshen da MacLean yake magana da shi. Dokar ilimi ta 1872 ba ta ko ambaci Galik ba, an kuma yi zamanin da ake dukan yaro in ya yi shi a aji. A ƙidayar 1891 masu harshen sun haura 250,000. A ta 2011 sun koma kusan 57,000, wato kashi 1 cikin 100 da ɗan ɗori, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. Saboda haka mai fim dole ya zaɓa. In ya bar Galik zalla, 'yan kaɗan ne za su fahimta. In ya sa a karanta fassarar Turanci, ya kashe muryar da ya zo nema. In ya rubuta fassara a ƙasan allo, idon mai kallo ya bar tsaunin ya koma karatu. Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne harshen ya koma kiɗa kawai, wani daddaɗan sauti da ake zubawa a kan hazo, ba wanda ya damu da me yake cewa. In haka ta faru, an sake yi wa Galik abin da aka yi wa yadin nan a 1822, an ɗauki adon an bar mutumin. MacLean ya tsira daga wannan ne don waƙarsa tana da haƙora. A wata waƙar da ya yi daga baya a kan ƙauyen Screapadal ya kira sunan Rainy ƙarara, ya kuma haɗa korar wancan zamani da jiragen yaƙi masu nutso da ke gwajin makamai a mashigin ruwan da ke gaban tsibirin. Mai son hoton kalanda ba zai ji daɗin wannan ba.

Norman MacCaig da Turanci ya yi rubutu, malamin firamare ne a Edinbara, amma mahaifiyarsa 'yar tsibirin Scalpay ce mai jin Galik, kuma duk hutun bazara a Assynt yake yin sa, a arewa maso yamma. A doguwar waƙarsa a kan yankin, wadda aka yi don talabijin na BBC a shekarun 1960, ya yi tambayar kai tsaye: wannan ƙasa ta wa ce, ta attajirin da ya saye ta, ko ta wanda ita ta mallake shi? Tambayar ba ta tsaya a allo ba. A 1993 ƙananan manoman Assynt suka haɗa kuɗi suka sayi filin da suke haya, kimanin eka 21,000. Mutanen tsibirin Eigg suka bi sahu a 1997, a 2003 kuma sabuwar majalisar Sikotlan ta yi dokar da ta ba al'umma damar sayen ƙasar da suke zaune a kai. Ba zan ce waƙa ce ta sayi fili ba. Kuɗi da lauyoyi da taurin kan manoma ne suka saya. Amma kafin mutane su yi yunƙurin karɓar abu sai sun fara ganin nasu ne, kuma shekarun da ke tsakanin ƙuri'ar raba gardama ta 1979, wadda ba ta kai ga kafa majalisa ba, da buɗe majalisar a 1999, shekaru ne da mawaƙa da masu wasan kwaikwayo da masu fim suka riƙe maganar da 'yan siyasa suka kasa. A cikinsu ne, a 1982, Murray Grigor ya yi fim yana tone asirin kayan tsaraba da hotunan ƙarya da aka lulluɓe ƙasar da su, masu sharhin fim kuma suka yi taro a Edinbara a kan wannan batu. Har yau dai aikin bai ƙare ba: masu mallaka da ba su kai 500 ba ne ke riƙe da kusan rabin filayen karkara masu zaman kansu.

Duk da ƙaunar da nake yi wa waɗannan finafinai, suna da nasu makantar. Sun kafa wani sabon hoto da shi ma ya zama al'ada: dattijo mai furfura da sanda, tsaye a kan tudu, iska tana kaɗa rigarsa. Zanen da Alexander Moffat ya yi a 1980 na manyan mawaƙan zamanin a mashaya ya nuna matsalar ƙuru-ƙuru, domin duk mai fuska a ciki namiji ne, matan kuwa inuwa ce a gefe. Alhali mata ne suka riƙe yawancin waƙoƙin baka da su MacLean suka sha, kuma ita Tait sai da ta kai shekara 70 da 'yan kai, a 1992, ta sami kuɗin yin dogon fim ɗinta ɗaya tilo. Sannan yawancin 'yan ƙasar ba a tsauni suke zaune ba, suna tsakanin Gilasgo da Edinbara ne, a benaye da unguwannin ma'aikata. Edwin Morgan, wanda aka fara naɗawa mawaƙin ƙasa a 2004, birnin Gilasgo ya waƙe. Jackie Kay, wadda ta riƙe muƙamin daga 2016 zuwa 2021, mahaifinta Ibo ne ɗan Najeriya, mahaifiyarta 'yar yankin tsaunuka, wasu ma'aurata 'yan kwaminis a Gilasgo suka ɗauke ta riƙo. Tambayar "ke 'yar ina ce?" da aka yi ta yi mata a ƙasar haihuwarta tambaya ce a kan asalin Sikotlan daidai da ta Hallaig, kuma ba a amsa ta da hoton tafki. Fim ɗin From Scotland with Love na 2014, shekarar da kashi 55 cikin 100 suka ƙi ɓallewa daga Birtaniya, ya gwada wata hanya: Virginia Heath ta harhaɗa tsofaffin hotuna daga ma'adanar finafinai ta ƙasa, 'yan mata masu gyaran kifi, maƙeran jirgi, masu zanga-zanga, masu ƙaura suna ɗaga hannu, ba tare da mai bayani ko ɗaya ba, sai waƙoƙin King Creosote. Yawancin hotunan irin waɗanda hukuma da kamfanoni suka biya ne a da. Da aka cire muryar sama, sai fuskokin suka fito.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne kyamarar nan mai tashi sama. Ta yi arha, kowa na da ita, kuma ba abin da ta fi so kamar kwarin da babu kowa. Daga sama ba a ganin kunya ko kango, balle a ji suna. A ɗora mata baiti biyu na mawaƙin da ya rasu da sanyin goge, an sami fim ɗin "waƙa da ƙasa" da ba ya ɓata wa kowa rai. Makoki ma yana da daɗin sayarwa, don wanda ake makoki ba ya neman komai a wurinka.

Masu harshen kuwa suna raye, kuma suna da buƙata. An kafa tashar talabijin ta Galik, BBC Alba, a 2008, bayan dokar harshen ta 2005. Kwalejin Sabhal Mòr Ostaig da ke Skye, wadda aka fara a 1973 a wani tsohon ginin gona, tana horar da matasa aikin talabijin da harshensu. Ƙidayar 2022 ta nuna masu iya magana da Galik sun ƙaru zuwa kusan 70,000, galibi albarkacin makarantu da masu koyo a birane. A ƙarshen 2024 aka naɗa Peter Mackay, ɗan tsibirin Lewis mai rubutu da Galik, mawaƙin ƙasa. Amma a tsibiran yamma, inda harshen yake na gida da kasuwa da jirgin kamun kifi, masu yin sa sun sauko ƙasa da rabin jama'a a karon farko, kuma wani bincike na jami'ar yankin tsaunuka da tsibirai ya yi gargaɗi a 2020 cewa zai iya daina zama harshen yau da kullum na al'umma in ba a tashi tsaye ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: babu aiki, jirgin fito ba shi da tabbas, gidaje kuma sun yi tsadar da saurayi ɗan tsibiri ba zai iya saya ba, don masu kuɗi daga nesa sun saye su suna ba 'yan yawon buɗe ido haya. Baƙin nan kuwa hoton kwarin da babu kowa ne ya kawo su. Wannan korar babu wakilin mai ƙasa da wuta a hannu, babu ranar da za a rubuta a littafin tarihi, iyali ɗaya ne ke tashi bana, wani baɗi. Ɗaukarta a fim ya fi ɗaukar Hallaig wuya, kuma mai kyamarar da zai yi shi sai ya sauko ƙasa ya zauna a kicin ɗin mutane, ya bar su su yi magana da harshen da suka ga dama.